Ƙurji a Jikin Zomo: Dalilin da Ya Sa Matsewa da Kafso Ba Sa Warkar da Shi

Idan kana kiwon zomo a keji, ko yaran gidanku suna da ɗaya da suke wasa da shi, wata rana kana shafa shi za ka iya jin wani ƙullutu a ƙarƙashin haɓarsa, ko a wuya, ko a gadon baya. Wani kamar ƙwallon goro, wani ya kai ƙwan kaza. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne maruru. Mu kuwa mun san yadda ake yi da maruru: a bari ya nuna, a matse, a wanke, a sayo kafso a kemis a sha, kwana biyar an manta.

To, ga zomo wannan hanyar ba ta ɓullewa. Matsewar ba za ta fitar da ciwon ba, kafson kuma yana iya kashe shi cikin 'yan kwanaki, tun kafin ƙurjin ya yi masa wata illa. A wannan rubutu za mu duba dalilin haka, da abin da likitan dabbobi ke yi idan aka kai masa irin wannan zomo, da kuma aikin da ya rage a hannunka bayan an dawo gida. Yawancin bayanin ya shafi ɓeran Masar shi ma, za mu taɓo shi daga baya.

Shi ƙurji mene ne?

Idan ƙwayoyin cuta na bakteriya suka samu ƙofa suka shiga cikin tsoka, jiki yakan tura musu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarunsa. Ana gwabzawa a wurin, bakteriya su mutu, dakarun su mutu, naman wurin ya lalace. Tarin waɗannan gawarwaki shi ne mugunya. A lokaci guda kuma jiki yana gina wani bango na tantani mai kauri ya kewaye wurin, don kada cutar ta bazu. Wannan jaka da mugunyar da ke cikinta su ne ƙurji.

Bangon nan yana da amfani, domin yana tsare sauran jiki. Amma yana da nasa aibin. Jini ba ya ratsa shi sosai, kuma a cikin ƙurjin babu jijiyar jini ko ɗaya. Duk maganin da aka sha ko aka yi allurarsa, jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ake buƙata. Ka ga ke nan maganin zai je bakin bango ya tsaya, ɗan kaɗan ne zai shiga. Shi ya sa ko a jikin mutum ma likitoci ba sa dogara da magani kaɗai idan ƙurji ya girma, sai an fitar da mugunyar.

Mugunyar zomo daban take

A jikin mutum, ko kare, ko kyanwa, mugunya ruwa-ruwa ce. Fararen ƙwayoyin jininmu suna ɗauke da sinadarai masu narkar da matattun ƙwayoyi, shi ya sa da an huda maruru sai ka ga ya tsiyaye da kansa. Abin da wanzamai suka dogara da shi ke nan tun zamanin da, idan za su yi sakiya.

Fararen ƙwayoyin jinin zomo, waɗanda masana ke kira heterofil, suna da ƙarancin waɗannan sinadarai. Saboda haka mugunyarsa ba ta narkewa. Fara ce, mai kauri, kamar man goge haƙora, wani lokaci har ta daskare kamar cuku. Idan ka taɓa kiwon kaji ko tantabaru ka ga wadda fuskarta ta kumbura aka ciro wani farin abu mai tauri a gefen idonta, to irinsa ne, don tsuntsaye ma haka jininsu yake.

Wannan shi ne tushen matsalar. Ka huda, ba abin da zai zubo. Ka matse, ɗan abin da ke kusa da bakin ne zai fito, sauran ya maƙale a lungu-lungu na jakar, domin sau da yawa ƙurjin zomo yana da 'yan rassa da suka kutsa cikin nama. Fatar zomo kuma tana saurin haɗewa. Cikin kwana biyu ko uku bakin ya rufe, ka ɗauka an warke, bayan 'yan makonni kumburi ya dawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Matsewa da ƙarfi kuma tana iya fasa bangon ta ciki, bakteriya su shiga nama mai lafiya ko su bi jini.

Wani abin da ke yaudarar masu kiwo shi ne, sau da yawa ƙurjin zomo ba ya zafi idan an taɓa, kuma zomon ba ya zazzaɓi. Yana ci, yana tsalle. Zomo dabba ce da ake farauta, don haka halittarsa ce ya ɓoye rauni, domin a dawa wanda ya nuna gazawa shi shaho ke fara ɗauka. Kafin ka ga alamar ciwo a jikinsa, abin ya riga ya yi nisa.

Ta ina cutar ke shiga?

Hanya ta farko ita ce rauni a fata. Idan aka haɗa mazan zomaye balagaggu a keji ɗaya, faɗa suke yi, su ciji juna a baya, da kunne, da maraina. Bakin cizon ƙarami ne, gashi ya rufe shi, ba za ka gani ba. Haka tsinin waya da ya fito a jikin keji, ko ƙusa, ko allurar da aka yi da sirinji marar tsabta.

Hanya ta biyu ita ce tafin ƙafa. Zomo ba shi da tsokar nan mai taushi da kare da kyanwa suke da ita a ƙarƙashin ƙafa, gashi ne kawai ke kare masa fata. Idan ya yini ya kwana a kan ragar waya, ko a kan daɓe mai jiƙe da fitsari, gashin dunduniyarsa yakan zube, fata ta tsage, cuta ta shiga, wani lokaci har ƙashi.

Hanya ta uku, wadda ta fi kowace wuyar sha'ani, ita ce haƙori. Zomo yana da haƙora 28, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a kowane mako. Abin da ke daidaita su shi ne tauna ciyawa mai kaushi, wadda ke goge su yayin da suke tsirowa. Zomon da ake ciyarwa da dusa, da tsaki, da ragowar tuwo, ba ya samun wannan gugar. Sai turamen haƙoransa su yi tsawo, su karkace, saiwarsu ta riƙa turawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Abinci ya maƙale a tsakaninsu, bakteriyar baki su gangara har saiwa, ƙurji ya fara daga cikin ƙashi. Wata likitar dabbobi a Ingila, Frances Harcourt-Brown, wadda ta fitar da littafi kan lafiyar zomo a 2002, ta daɗe tana nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci da rashin hasken rana suna raunana ƙashin da ke riƙe haƙoran, abin da ke ƙara buɗe wa cuta ƙofa.

Saboda haka idan ka ga kumburi a haɓa ko a kumatu, fara zargin haƙori. Ka duba ko yana dalalar da miyau har gashin haɓarsa ya jiƙe, ko yana ɗaukar abinci yana yarwa, ko yana zaɓen mai taushi. Idan saiwar haƙoran sama ce ta kamu, za ka ga ido ɗaya yana zubar da hawaye ko farin kwantsa, saboda hanyar hawaye ta bi ta kusa da saiwar. Wani lokaci ma ƙurjin yakan taru a bayan ido ya turo shi waje.

Game da bakteriyar da ke haddasa shi, wadda aka fi sani ita ce Pasteurella multocida, mai ɗauke da sunan masanin nan na Faransa, Louis Pasteur. Zomaye da yawa suna yawo da ita a hanci ba tare da wata alama ba, ita ce kuma ke sa su mura da atishawa. Akwai Staphylococcus aureus, wadda ke kawo maruru a jikin mutum, da Pseudomonas. Amma ƙurjin haƙori labarinsa daban ne. Wani bincike da aka wallafa a 2002 ya duba ƙurajen muƙamuƙi na zomaye 12, bai samu Pasteurella a ko ɗaya ba. Abin da aka samu su ne bakteriyar dasashi, irin su Fusobacterium, waɗanda yawancinsu ba sa son iska. Wannan yana da muhimmanci, don maganin da ke kashe wata bakteriya ba lalle ya taɓa wata ba.

Abin da likita zai fara yi

Ba kowane kumburi ne ƙurji ba. Yana iya zama ƙari, ko tarin jini, ko kaba. A ƙasashenmu akwai kuma wani ƙuda da ake kira tumbu, wanda ke yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari ko a kan shimfiɗa, tsutsarsa ta huda fata ta zauna ciki. Kumburinsa yana kama da maruru, sai dai za ka ga ɗan rami a tsakiya inda tsutsar ke shaƙar iska. Maganinsa ciro tsutsar ne gaba ɗayanta.

Likita zai auna nauyin zomon, domin kowane magani da nauyi ake lissafa shi. Zai lalube jikin duka, don ƙurji yakan zo da 'yan'uwansa. Zai leƙa baki da 'yar fitila. Yana iya soka allura ya zuƙo abin da ke ciki ya duba a madubin likita. Idan kumburin a kai yake, hoton ƙashi ya zama dole, saboda shi zai nuna wane haƙori ne ya ruɓe da kuma yadda ƙashin ya cinye.

Sai kuma gwajin da ake shuka bakteriyar a ɗakin bincike a ga wane magani ne ke kashe ta. A nan akwai wata dabara. Idan aka ɗebi mugunyar tsakiya, sau da yawa ba abin da ke tsirowa, domin duk abin da ke wurin matacce ne. Masu rai suna manne a jikin bango. Don haka gutsuren bangon ake yanka a aika.

A arewacin Najeriya akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Ko wane likita ka je wa, tambaye shi kai tsaye ko ya saba duba zomaye. Wanda aikinsa duk a kan shanu da tumaki da kaji yake, zai fi kyau ya tura ka wurin wanda ya saba.

Tiyata ita ce maganin

Masana lafiyar zomo sukan ce a ɗauki ƙurjinsa kamar ƙari. Wato a cire shi ɗungurungum, da jakarsa, ba tare da an fasa ba. Idan a fatar baya ko a gefen ciki yake, bai kama ƙashi ba, wannan yana yiwuwa: a sa zomon barci, a aske gashin, a yanka a kewaye jakar, a ɗago ta kamar yadda ake ɓare ƙwallo daga cikin mangwaro, a wanke, a ɗinke. Irin wannan shi ya fi saurin warkewa, kuma bai cika dawowa ba.

Idan ya kama muƙamuƙi, ba a iya cire shi duka. Sai likita ya yanke iyakar abin da zai yanku na bangon, ya kankare ruɓaɓɓen ƙashi, ya cire haƙorin da ya jawo matsalar. In aka bar haƙorin, an bar masomin cutar, ko shekara za a yi ana wanki ƙurjin zai dawo. Bayan haka akwai hanyoyi biyu da aka fi bi.

Ta farko, a bar ramin a buɗe da gangan. Ana ɗinke bakin abin da ya rage na jakar da bakin fata, ta yadda ramin ba zai rufe ba, kamar bakin aljihu. Kullum sai a wanke shi, nama ya riƙa cikowa daga ƙasa zuwa sama har ya cike. Yakan ɗauki makonni.

Ta biyu, a cusa magani a cikin ramin a rufe. Akan kwaɓa maganin kashe bakteriya da irin simintin da likitocin ƙashi ke amfani da shi, a mulmula shi ƙanana kamar 'ya'yan carbi, a zuba a ramin. Suna sakin magani a hankali, a daidai wurin da jini ba ya kaiwa. Wasu likitocin kuma gauze suke jiƙawa da magani su cusa, su riƙa canzawa duk mako.

Robar tsiyayar da ruwa da ake sa wa kare ko mutum bayan tiyata ba ta aiki a nan. Mugunyar ta yi kauri da yawa, toshe ta take yi.

Za ka iya tambaya, shin sa zomo barci ba shi da haɗari? Yana da shi. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya, aka wallafa a 2008, ya gano cewa kusan zomo 1 cikin 72 yana mutuwa ta dalilin maganin barci, alhali a karnuka 1 ne cikin kusan 600. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya riga ya rame ya galabaita. Wannan dalili ne na kai shi da wuri, tun yana da ƙarfinsa. Ka kuma riƙe wannan: ba a hana zomo abinci tun dare kafin tiyata kamar yadda ake yi wa mutum. Zomo ba ya amai, kuma idan cikinsa ya zauna babu komai, hanjinsa yana iya tsayawa.

Kafson da ke kashe zomo

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci ga mai kiwo. Zomo yana da wani babban buhu a hanjinsa, inda biliyoyin bakteriya masu amfani suke narkar masa da ciyawa. Rayuwarsa ta dogara da su. A cikinsu akwai 'yan tsirarun miyagu, dangin Clostridium, waɗanda masu amfanin suka danne.

Wasu magungunan, idan suka bi ta baki, sukan share masu amfanin su bar miyagun. Sai miyagun su yaɗu, su saki dafi. Zomon ya daina ci, cikinsa ya kumbura, ya kama zawo mai ruwa, ya mutu. Wani lokaci cikin kwana biyu, wani lokaci sai bayan mako guda ko fiye, har mai shi ya kasa gane cewa maganin ne sanadi. Garin neman gira an rasa ido.

Magungunan da ke yin haka su ne waɗanda muka fi sabawa da su a gida: amoksilin, da ampisilin, da Ampiclox, da duk dangin penisilin na sha, da linkomaisin wanda ake sayarwa da sunan Lincocin kuma mutane ke yawan sha don maruru, da kilindamaisin, da eritiromaisin. Fasa kafso a barbaɗa garin a kan ciwo ma bai tsira ba, domin zomo yana lashe jikinsa, garin ya ƙare a cikinsa. Haka magungunan kaji da ake zubawa a ruwan sha, da yawansu haɗe-haɗe ne, kuma akan samu irin waɗannan a ciki.

Abin mamaki, penisilin ɗin da ke kashe zomo ta baki, likitoci suna yi masa allurarsa a ƙarƙashin fata, kuma yana cikin abin da ya fi aiki a kan ƙurjin haƙori, saboda ta wannan hanya kaɗan ne ke isa hanji. Amma wannan aikin likita ne, da awo, da sa ido. Sauran da likitoci ke zaɓa sun haɗa da enrofuloksasin, da metronidazol, da azitiromaisin, da haɗin nan na salfa da muka sani da Septrin, gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Ba a kwana biyar ake gamawa ba. Mako biyu zuwa shida ne, idan ƙashi ya kamu ya fi haka. Tsayar da magani don kumburi ya sace yana cikin manyan dalilan dawowarsa.

Sai maganin zafi. Zomon da ke jin ciwo ba ya ci, wanda ba ya ci kuwa hanjinsa tsayawa yake, wannan kuma yana kisa fiye da ƙurjin. Likitoci sun fi ba da meloksikam. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane da ka. Ka kuma guji desametason da man shafawa masu irin sinadarinsa, suna karya garkuwar jikin zomo ƙwarai.

Jinya a gida

Rabin aikin a hannunka yake. Idan an bar ramin a buɗe, za ka riƙa wanke shi sau ɗaya ko biyu a rana da sirinji marar allura. Ruwan gishiri na asibiti ya fi. Idan babu, tafasa rabin lita na ruwa, zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, bari ya huce. Likita yana iya ba ka aidin ka tsarma shi har ya yi launin shayi marar kauri. Naɗe zomon da tawul, wani ya riƙe maka shi a ƙasa ko a cinya, don idan ya yi wutsil-wutsil ya faɗo daga tebur yana iya karya ƙashin baya. Duk ɓawon da ya so rufe bakin ramin, jiƙa shi ka cire a hankali.

Kada ka zuba sipirit, ko Dettol, ko Izal, ko baƙin mai, ko toka. Suna ƙona sabon naman da ke tsirowa.

Zuma fa? Ita kam tana da gurbi a wannan aiki, likitocin zomo da yawa suna cika ramin da ita bayan wanki. Yawan sukarinta yana zuƙe ruwa daga jikin bakteriya, tana da tsami-tsami da ba sa so, kuma tana sakin wani sinadari mai kashe su a hankali. Ta asibiti, wadda aka fi yi da zumar manuka ta ƙasar New Zealand, an tace ta an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki. Ta kasuwa kuwa sau da yawa an haɗa ta da sukari, ga shi tana kiran tururuwa da ƙuda. Ka tuna kuma zuma taimako take yi bayan an cire abin da ya kamata a cire, ba ta maye gurbin tiyata.

Ƙuda babban abokin gaba ne a nan, musamman da damina da lokacin zafi. Yana iya yin ƙwai a bakin ciwon, cikin yini guda tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin nama. Rufe kejin da gidan sauro, ka ajiye shi a inuwa mai iska, domin zomo ba ya jure zafin da ya wuce digiri 30. Shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa ko tsumma mai tsabta, ka canza kullum. Ware shi daga sauran, amma idan yana da abokin zama da suka shaƙu, bari su riƙa ganin juna.

Kullum ka duba abu biyu: abin da ya ci, da kashin da ya yi. Idan ƙwayoyin kashin sun ƙanƙance, ko sun ragu, ko sun ɗauke, akwai matsala. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a koma da shi asibiti a ranar. Kafin nan, ana iya jiƙa abincinsa na kanti ko a niƙa ganye da ruwa, a ɗura masa kaɗan-kaɗan ta gefen baki da sirinji. Zawo kuwa, a dakatar da magani a kira likita nan take.

Kai ma ka kare kanka. Sa safar hannu, ka wanke hannu da sabulu, ka ƙona audugar da ka yi amfani da ita. Wasu daga cikin bakteriyar nan suna kama mutum ta rauni ko cizo. Kada a bar yara su yi wannan aikin.

Ɓeran Masar

Shi ma haƙoransa 20 ba sa daina tsiro, shi ma mugunyarsa tana da kauri. Amma yana da nasa ciwon na musamman: kumburin kaluluwar wuya, wanda bakteriyar Streptococcus zooepidemicus ke kawowa. Tana shiga ta ɗan rauni a baki, kamar wanda tsinin kara ke yi, ta sauka a kaluluwa ta tara mugunya. Tana yaɗuwa tsakaninsu idan ƙurjin ya fashe, don haka ware marar lafiya wajibi ne. Maganin dai shi ne a cire kaluluwar da jakarta.

Ga penisilin kuwa, ɓeran Masar ya fi zomo rauni. Ko ta allura aka ba shi yana iya mutuwa. A watan Mayun 1940, lokacin da Howard Florey da Ernst Chain suka gwada penisilin a Jami'ar Oxford, ɓerayen ɗakin bincike guda 8 suka sa wa cuta, suka yi wa 4 magani, waɗanda ba a yi wa ba duk suka mutu kafin gari ya waye. Masana sukan ce da ɓeran Masar suka zaɓa, da wataƙila sun ɗauka maganin guba ne.

Wani bambancin shi ne, kamar mutum, jikinsa ba ya haɗa bitamin C, sai ya samu a abinci. Idan ya rasa, dasashinsa ya yi rauni, ciwo ya ƙi warkewa. Ɗanyen ganye da ɗan tattasai mai zaƙi kullum suna biya masa wannan buƙata.

Idan abin ya yi nisa

Ba kowane ƙurji ne ke warkewa ba. Wanda ya cinye ƙashin muƙamuƙi, ko ya shiga bayan ido, ko cikin kunne, ko huhu, yana iya buƙatar tiyata fiye da sau ɗaya, kuma ya dawo. Ka zauna da likita tun farko ya faɗa maka abin da hoto ya nuna, da yawan zuwan da za ka yi, da abin da za ka kashe. Wani zomon yakan rayu watanni cikin walwala da ƙurjinsa, ana wanke masa ana ba shi maganin zafi. Wani kuma idan ya daina ci, yana ta ramewa, tausayi shi ne a hutar da shi, kada a bar shi ya mutu da yunwa a kusurwar keji.

Ga wanda ke kiwo don nama ko sayarwa, lissafin daban ne. Zomon da ƙurji ke yawan fito masa bai kamata a bar shi cikin masu haihuwa ba, don uwa tana ba 'ya'yanta cutar. Wanda aka samu ƙuraje a cikinsa bayan yanka, a binne shi. Wanda kuma ake yi wa magani, akwai kwanakin da dole a jira kafin a ci namansa, likita zai faɗa maka.

Rigakafi

Yawancin ƙurajen nan daga abinci da keji suke farawa. Ciyawa, ɗanya da busasshiya, ita ce ya kamata ta zama mafi yawan abincin zomo, a ce kullum ya samu tari kamar girman jikinsa. Harawar gyaɗa da ta wake da ganyen dankali suna da kyau a haɗa masa. Dusa da hatsi su zama ɗan ƙari. A bar shi ya sha hantsi, amma da inuwar da zai koma. A sa katako ko tabarma a wani sashe na kejin don ƙafarsa ta huta daga waya. A lanƙwashe duk wani tsini. A raba mazan da suka balaga. Sabon zomo daga kasuwa a ware shi aƙalla mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Sannan sau ɗaya a mako, ka ɗauke shi ka shafa shi da hannu biyu, daga hanci zuwa wutsiya. Bi layin muƙamuƙi ta ƙasa, dama da hagu, ka ji ko sun yi daidai. Taɓa gindin kunne, ɗaga ƙafa ka duba dunduniya. Minti biyu ya isa. Ƙurjin da aka gano yana kamar ƙwayar gyaɗa, sau da yawa tiyata ɗaya ce ke raba shi da zomon. Idan ka ji wani abu da babu shi a makon jiya, kada ka matse, kada ka nufi kemis, ka kai shi wurin likitan dabbobi.